Wufar Mahadi da Kunnen Babana

Jama'ar wannan shafi, ku gyara zama. Masu damuna da saƙo, "Sa'adiya, ya aka ƙare da mai sifika?", to ku sarara min, ga ni na zo da kaina. Waɗanda yau suka fara leƙo mu kuma, sannunku da zuwa. Sunana Sa'adiya, ina koyar da 'yan aji uku a wata firamare a nan Kafanchan, kuma a cewar Goggona shekaruna sun kai na aure har sun ɗan gota. Maza biyu ne ke sintiri a ƙofar gidanmu. Ɗaya ni nake sonsa. Ɗayan Goggo ce ke so min shi, so na tsakani da Allah, kai ka ce ita za a kai ɗakin.

Sai kun fahimci wani abu game da gidanmu, in ba haka ba za ku ɗauka iyayena ba sa ƙaunata. Ni ce 'yar fari. Mu Fulani ne, kuma duk da kakana ya jingine sanda ya gina gidan kwano a bayan layin dogo tun Baba yana yaro, fulako, kunyar nan tamu ta Fulani, bai bar gidan ba. Tunda aka haife ni Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa duban idona ya yi min magana ba. Ina tsaye a gabansa zai dubi bango ya ce, "A ce wa waccan ta kawo buta." Inna kuwa ta fi shi. Sunana a bakinta "'yar Goggo", don ana yaye ni Goggo Hussaina, yayar Baba, ta ɗauke ni, a hannunta na girma. Da mijinta ya rasu muka dawo gidan Baba tare, ni da ita da akwatunanta. Shi ya sa maganarta a kaina take da nauyi.

Amma in na kwanta zazzaɓi, sai in tarar da ledar lemo da ayaba a bakin tagata, wai ba a san wanda ya ajiye ba. Ni dai na san takun takalmin.

Na Goggo shi ne Mahadi, dillalin citta. Yana saro ta daga ƙauyukan Jaba, su Nok da kewaye, ya loda wa manyan motoci. Kada ku ce na ɓata shi, mutumin kirki ne, hannunsa a sake. Illarsa ɗaya ce, murya. Ya saba ciniki a gindin mota tana kunne, don haka ko "ina wuni" zai ce miki sai kajin maƙwabta sun watse. Dab da Babbar Sallah ya aiko wa Baba da kayan sautin talabijin da ake kira hom-tiyata: wufa guda kamar akwatin lefe, dogayen sifiku biyu masu shuɗiyar wuta tana walainiya, da wasu ƙanana. Mutanensa suka zo suka jona, suka ƙure ƙara, kofunan tangaran ɗin Inna da ke cikin shogilas suka kama rawa. Goggo ta rangaɗa guɗa.

"Wannan shi ne kaya!" in ji ta. "Abin da za a kunna a nan a ji shi a tasha. Ba 'yan tsakuwar da ake cusa wa mutane a kunne ba."

Da Zubair take.

Zubair nawa yana da ɗan shago kusa da tsohuwar tashar jirgi. Yana gyaran sifika, yana sayar da tarkacen waya, yana ba da hayar lasifika in ana walima ko biki. Har cocin su Bernice, aminiyata da muke koyarwa tare, shi suke kira in za su yi godiyar girbi. Ranar da na fara shiga shagonsa, iyafis na je saya.

Na ce, "Ba ni mai ƙara sosai."

Ya ɗago ya dube ni, muryarsa can ƙasa kamar mai tsoron tashin jariri. "Malama, ƙara kike so ko ji?"

"Da bambanci ne?"

"Injin niƙa ma yana da ƙara. Kin taɓa zama kina saurarensa?"

Na so in ji haushi, dariya ta riga ni. Ya miƙo min wani ɗan fari marar ado, ya ce in gwada. Na kunna karatun da nake ji kullum a hanyar makaranta, sai ga shi ina jin har inda mai karatun ke jan numfashi. Tun daga ranar na shiga uku, don Zubair mutum ne mai ra'ayi a kan duk abin da ke fitar da sauti. A ganinsa mutanenmu da ido suke sayen sifika, ba da kunne ba. A ganinsa mai kunna waya a fili cikin keke haƙƙin mutane yake ɗauka. Ni kaina ban tsira ba. Saƙon murya na farko da na tura masa, mai cike da kalaman da na ɓata lokaci ina tsarawa, ga amsar da na samu:

"Na ji daɗi ƙwarai. Amma ki ɗan janye wayar daga bakinki, iska na bugun makirfon ɗin."

Ku ji fa! Na rubuta masa, "Allah ya shirye ka." Ya ce, "Amin. So nake in ji muryarki yadda Allah ya yi ta." To ya za ki yi da irin wannan mutum, in ba so ba?

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Kunnen Baba na hagu ya daina aiki, na daman ma yana ja da baya. Kowa a gidan ya sani, ba kuwa mai iya furtawa. Baba dillalin shanu ne a kara, mutumin da a da yake gane saniyar da ba ta da lafiya daga kukanta, ta yaya za ka dube shi ka ce ba ya ji? Ya daina zuwa majalisarsu ta gindin mangwaro, wai surutunsu ya yi yawa. In ana hira sai ya yi ta gyaɗa kai yana "haka ne". Da wufar Mahadi ta zo na ɗauka an huta. Ina! In aka kunna labarai, ɗakin ya yi ta gurnani, dum, dum, har cikin ƙirji, amma maganar mai labaran ta nutse a ciki. Baba ya ƙara ƙara, gurnani ya ƙaru. Sai in hango shi ta labule ya haɗe gira, ya zuba wa leɓen mai karanta labarai ido. Abin yana sosa min zuciya, wallahi, amma 'yar fari ba ta da bakin magana.

A cikin wannan hali Zubair ya zo gaida Baba karo na farko.

Ya sha shadda ruwan toka, hularsa zanna, ya yi kyau har na ji kunyar kallonsa. Ina ɗakin Inna, na ɗaga gefen labule da yatsa ɗaya. Bawan Allahn nan ya yi duk abin da tarbiyya ta ce a yi. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai, ya sassauta muryar da dama can ba ta da yawa. Ƙofar falon kuwa tana hagun kujerar Baba. Ga wufa tana ta aikinta.

Ya yi sallama, ya gaishe shi, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa da kasuwa. Ni da ke bayan labule na ji. Goggo da ke zaune a kan darduma tana jan carbi ta ji. Baba ya kalle shi, ya jira, ya sake kallonsa. Can ya ce, "To, madalla," ya mai da ido kan talabijin.

Bayan ya tafi Baba ya dubi bango. "Wannan wane irin yaro ne? Ya zo ya tsuguna yana motsa baki kamar mai tauna goro. Ko sallamar kirki babu."

Na jira Goggo ta ce wa ƙanen nata, a'a Jibir, ya gaishe ka. Sai ta ja carbi ɗaya ta ce, "Yaran zamani ke nan."

Washegari Mahadi ya zo. Tun daga zaure: "SALAMU ALAIKUM BABA! AN WUNI LAFIYA? YA GAJIYA?" Hoton Ka'aba da ke jikin bango sai da ya karkace. Fuskar Baba ta washe.

"Ka ji ɗan mutane," in ji shi. "Gaisuwa a buɗe."

Kun ga yadda ladabi ya kayar min da masoyi, hargowa ta ɗaga na Goggo? Daga nan Goggo ta samu ƙofa. Ta ce manyan Mahadi suna son zuwa, a ba su rana. Baba ya ce a bari sai Juma'a bayan an sauko, zai faɗi matsayarsa. Ya ƙara da maganar da ta hana ni cin tuwo, yana duban silin: "Ba zan yi wa kowa dole ba. Amma ba na ba da 'ya ga wanda bai iya gaida manya ba."

A makaranta na zayyana wa Bernice komai, muna zaune a bayan aji muna cin gyaɗa dafaffiya.

"Na wa o," ta ce. "Wannan Goggo naka, shi ba ya wasa. To ke ki gaya ma Baba mana, ki ce Daddy, kunne naka ne ya samu problem."

"Bernice, ko sunana ba ya faɗa. Ni ce zan tsaya gabansa in ce masa kurma?"

"To gaya ma Zubair ya yi ihu next time."

"In tona asirin ubana a wajen saurayi?"

Ta watsa hannu. "Ku Fulani da kunya naku, Allah ya taimake ku. Amma gaskiya, my sister, wufa ɗin nan yana da daɗi. Ni in kiɗa bai girgiza kirji na ba, ban ji komai ba."

"Ai sai ki auri Mahadin."

"Abeg, ina da Derrick nawa."

Da yamma Zubair ya rubuto: "Ya Baba ya ce?" Na rubuta, "Kunnensa ne," na goge. Na rubuta, "Ka riƙa ɗaga murya," na goge. Ƙarshe na tura masa, "Ka dai yi ta addu'a." Ya turo ɗan hoton nan na hannu biyu a haɗe, bai ƙara tambaya ba. Na kifa kaina a filo na yi kukana mai isata.

Taimako ya zo ta inda ban taɓa zato ba.

Ranar Laraba da safe ina ɗaura ɗankwali zan fita, Baba ya tafi kara, Goggo tana wanka. Inna na sharar falo. Inna fa, wadda in na shigo ɗaki take samun dalilin fita. Ta madubin shogilas na ga ta sunkuya bayan talabijin, ta kama wata baƙar waya, ta fizge, ta tura ta ƙarƙashin kafet da bakin tsintsiya. Ta miƙe ta ci gaba da shara. Sannan ta yi magana, ba da ni ba, da tsintsiyar.

"Kayan zamani ba su da tabbas. Ga shi abin nan ya mutu. Da 'yar Goggo ta san wani mai gyara, da an kira shi kafin mai gidan ya rasa labaransa."

Na tsaya da ɗankwali a hannu. Na so in rungume ta ta baya, na san kuwa in na yi sai ta kwana uku ba ta haɗa hanya da ni ba. Sai na ce wa ƙofa, "Akwai wani a wajen tasha."

"To," in ji Inna, ta kwashe shararta ta fita.

Da la'asar an ɗan yi yayyafi an ɗauke, Zubair ya iso a kan mashin ɗinsa da jakar kayan aiki. Ba shadda yau, riga ce mai gajeren hannu da wandon jins. Goggo na ganinsa ta taɓe baki.

"Duk masu gyaran garin nan a rasa wanda za a kira sai wannan?"

Baba dai labaransa yake so. Ni kuma na koma mazaunina na bayan labule.

Zubair ya durƙusa a inda ya durƙusa wancan karon, ya yi sallama. Yau babu wufa, falon tsit. Baba ya ji alamar magana, sai ya juyo da kansa gaba ɗaya, ya miƙo kunnen dama wajen ƙofa, kamar yadda ya saba yi ba tare da ya sani ba. Na ga Zubair ya ɗan dakata. Ya dubi kujerar, ya dubi ƙofar, ya dubi inda ya tsuguna. Sai ya tashi ya nufi bayan talabijin.

Bai daɗe ba ya zaro wayar daga ƙarƙashin kafet. Ya juya ta a hannu, ya saci kallon labulena, na ga gefen bakinsa ya motsa. Na ce shi ke nan, zai mayar ya tafi, an yi ba a yi ba. Sai ya miƙe yana ƙare wa kayan kallo, yana ƙirga sifikun da yatsa.

"Goggo, akwai wata 'yar ƙarama mai kwance, doguwa haka. Ina take?"

"Wannan 'yar banzar? Tana can saman shogilas, na ɗora mata fulawa. Masu kawowa ma ba su jona ta ba, sun ce ba ta da wani amfani."

Ya sauko da ita daga ƙarƙashin furannin roba, ya hure ƙura, ya goge ta da gefen rigarsa kamar wanda ya tsinci ɗan'uwansa a tasha. Ya jona mata doguwar waya, ya bi da ita ta gindin bango, ya zagaya bayan kujerar Baba. Ya jawo ɗan teburin da ake ajiye buta, ya kafa shi a dama da kujerar, ya ɗora ta a kai. Sannan ya koma ya mayar da baƙar wayar mazauninta, ya murɗa wani abu a bayan wufa.

Daga nan ya yi abin da ya sa na kusa sakin labule. Maimakon ya koma bakin ƙofa, sai ya zo ya zauna a ƙasa dab da ƙafar Baba, ta dama, ya ɗaga fuska yana dubansa ido cikin ido. Ya yi magana da muryarsa ta kullum, a hankali, kalma bayan kalma.

"Baba, barka da yamma. Kayan nan lafiyarsu ƙalau. Ɗakin ne ke da matsala."

Baba ya ɗan zabura, don ya ji sarai. "Ɗakin?"

"Ɗakin. Siminti ne ƙasa, ga gilashi, ga rufi ya yi tsawo. Irin wannan ɗaki yana cinye magana ya bar ƙara. Ko wa ya zauna a nan haka zai sha wahala. Wannan babbar, aikinta tsawa da ganguna. Muryar mutane kuwa a cikin 'yar ƙaramar nan take. Shi ya sa na kawo ta kusa."

Goggo ta saki carbi. "La'ilaha illallahu! Jibir, kana gani? Ya zauna a jikinka kamar sa'anka, yana ƙirga maka haƙora!"

Ba wanda ya kula ta, don Zubair ya danna rimot, lokacin labaran Hausa ya yi. Shuɗiyar wutar ta kama. Kofunan Inna ba su motsa ba. Sai muryar wata mata ta fito daga kan ɗan teburin, tas, kamar tana zaune a hannun kujerar.

Ina kallon fuskar Baba. Girar nan da ta daɗe a haɗe ta fara sakin jiki. Ya daina kallon leɓen matar, ya jingina bayansa. Ana cikin bayanin farashin taki sai ya buga cinya.

"Kai! Ƙarya ne wannan! A wace kasuwar? Su zo Kafanchan su saya mana a haka!"

A tsakar gida na ji taɓaryar Inna ta tsaya. Rabon da Baba ya yi musu da talabijin har mun manta. Hawaye ya cika min ido, na toshe bakina da gefen mayafi.

Da aka gama labarai Baba ya gyara zama. Can ya laluba aljihun jamfarsa ya zaro wayarsa, ya ajiye a hannun kujera, yana kallon gefe.

"Wannan ma ɗakin ne ke cinye ta?"

Ƙanensa, Baffa Badruddeen, yana can wajen Kajuru da ragowar shanun gidanmu, kuma ba ya rubutu, sai saƙon murya. Ashe saƙonnin sun taru jingim. Baba yakan kunna, ya manna wayar a kunne, ya ce "to, to", ya mayar aljihu.

Zubair ya karɓa da hannu biyu. "Masu ƙera wayoyin nan ne ba su da tausayi, Baba. Sun sa sifikar a gindi, daidai inda tafin hannu ke toshewa. Kuma 'yar mitsitsiya ce, ko sauro ya fi ta murya." Ya buɗe jakarsa ya ciro iyafis irin nawa, ya jona, ya miƙa masa ɗaya kawai. "Wannan na dama ne. Ɗayan a bar shi, ba shi da kyau."

Ƙarya yake, sabo ne fil a kwalinsa. Allah ya yafe masa.

Baba ya saka. Ban ji abin da Baffa ke faɗa ba, na dai ga Baba ya lumshe ido. Leɓensa na motsi yana amsawa da Fulatanci ƙasa-ƙasa. Can ya yi murmushi, ya ce wa iska, "Jar saniyar ta haihu. Ga kukan ɗan maraƙin nan ina ji."

"In za ka ba shi amsa," in ji Zubair, "ka danna nan ka riƙe, ka yi magana, ka saki. Kada ka kai ta bakinka sosai. Wanda ka tura wa, shi kaɗai zai ji."

Ko a gaban surukin da bai samu ba tukuna, sai da ya yi wa'azin nesa da baki. Hali zanen dutse.

Na ɗauka Baba zai ce wani abu. Ya cire iyafis ɗin, ya naɗe shi a hankali, ya sa a aljihu. Ya ce, "To." Shi ke nan. Zubair ya tattara jakarsa, ya yi sallama, ya fita.

Ƙarar mashin ɗinsa ba ta gama ɓacewa ba Goggo ta buɗe wuta. Ya kashe wa kaya ƙarfi. Wufar da ake ji a tasha ta koma kamar kyanwa mai mura. Hassada ce, don ya ga ba zai iya sayen irinta ba. In Mahadi ya zo ya tarar an mai da kyautarsa haka, da wane ido za a dube shi? Uwa uba rashin kunya, yaro ya zauna yana haɗa numfashi da babba. Ta juyo kaina: "Ke kuma munafuka, fito daga bayan labulen, tun ɗazu nake ganin yatsun ƙafarki!"

Kada ku tsani Goggona, don Allah. Matar nan ta goya ni, ta sayar da awarwaronta ta kai ni makarantar horon malamai. So take in zauna inda ba zan nemi komai in rasa ba. Ita dai a wajenta, abin da ya fi girma shi ya fi kyau, ko miji ne ko sifika.

Baba bai ce uffan ba, ranar da washegarinta. Yana jin labaransa, yana musu da su, amma ko bango bai yi wa maganata ba. Zubair ya rubuto: "Na yi wauta ko? Na san ba a zama haka a gaban manya." Na ce, "Ban sani ba." Ya ce, "Ko bai ba ni ke ba, na ji daɗi da ya ji kukan maraƙinsa." Na daɗe ina kallon wannan saƙo. A nan na tabbata in ba shi ba, to sai dai in yi ta koyar da 'yan aji uku har in tsufa.

Juma'a ta zo. Na fita da atamfata koriya ba tare da na karya ba. Goggo tun da sassafe ta sa an yanka zakara, tana ta goge kofuna, wai ko manyan Mahadi za su biyo bayan masallaci. Na koyar da darasin farko ban san me na faɗa ba.

Lokacin tara muna zaune da Bernice a barandar ofis, wayata ta yi ƙara. Na duba. Na sake dubawa.

Baba.

Lambarsa tana wayata tun ranar da na saye ta, ba ta taɓa kirana ba, ban taɓa kiranta ba. In yana da saƙo, Goggo yake kira ta faɗa min. Yau ga saƙon murya daga gare shi. Na laluɓo iyafis a jaka.

"Wa ne?" in ji Bernice.

Na ɗaga mata hannu, na danna.

Da fari ba komai sai motsin riga, da kukan zakaran maƙwabta. Ya yi gyaran murya. Ya sake yi. Ya riƙe wayar nesa da baki, yadda aka koya masa, har ina jin numfashinsa.

"Sa'adiya."

Na dafe bango. Ashe haka sunana yake a bakinsa. A hankali ya faɗe shi, yana jan tsakiyar, kamar mai taka ƙasar da bai taɓa takawa ba.

"Yaron nan ya ce in an yi magana a nan, wanda aka tura wa kaɗai ke ji. To ki ji. Ki ce masa ya turo manyansa." Ya ja numfashi. "Kuma ki gaya masa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na san ba laifin ɗakin ba ne. Ya rufa min asiri a gaban iyalina, Allah ya rufa masa nasa."

Sai ƙarar buɗe ƙofa, da takun silifas ɗin da na fi kowa sani, da murya daga nesa tana matsowa:

"Jibir? Kai da wa kake magana a ɗaki kai kaɗai? Sunan wa na ji ka kira?"

Saƙon ya yanke a nan.

Na san abin da ke jirana a gida. Ga zakara a tukunya, ga manyan Mahadi wataƙila sun riga sun ɗaura rawani, ga Goggo da ba a taɓa tsallake maganarta a kaina ba. Ban ma tura wa Zubair komai ba tukuna. Na ja ɗan layin saƙon na mai da shi farko, na saurari kalma ɗaya, na sake mayarwa.

Bernice ta girgiza kafaɗata. "Ke, kina kuka! Talk now! Ya yarda ko bai yarda ba? Me ya ce?"

Na cire iyafis ɗaya, na dube ta.

Na ce, "Bernice, Babana ya kira sunana."